Babur muka zo saye, wa ya aiko ku da kwalliya?



Akwai wata hanyar cin kuɗin talaka da ba ta buƙatar bindiga ko shinge a kan hanya. Da rana tsaka ake yin ta, cikin fara'a, kuma a ƙarshe wanda aka cuta shi ne ke cewa na gode. Ina nufin tarkacen da ake liƙa wa sabon abin hawa bayan an gama ciniki, a tsawwala masa kuɗi, a ce maka ai dole ne. Yau a kanta zan yi magana, kuma ba zan yi wa kowa kara ba, har da mu masu sayen.

A Nijar mota sabuwa dal ba ta kowa ba ce. Gwamnati ce ke sayen ta, sai ƙungiyoyin agaji, sai manyan 'yan kasuwa. Sauran masu ɗan hali 'yar Kwatano suke hawa, wadda wani ya gama morar ta a Turai. A garinmu Dogo-Dogo, can kudancin jihar Damagaram dab da iyakar Najeriya, cikin gundumar Dungas da aka cire daga Magarya a 2011, sabon abin hawan da talaka ya sani guda ɗaya ne: babur. Shi ne motar asibiti in naƙuda ta zo da dare. Shi ke kai buhun riɗi da wake kasuwa. Shi ne sana'ar saurayin da ya zaɓi kabu-kabu a gida maimakon hanyar Libiya. Kuɗinsa kuwa kun san inda suke fitowa: an sayar da sa, ko an haɗa amfanin damina biyu, ko ɗaya daga cikinku da ke Yamai, Maraɗi ko Kano ya tsuke bakin aljihu shekara guda ya aiko. Saboda haka kada wani ɗan birni ya ce wannan zancen ƙauye ne. Guminku ne ake magana a kai.

Ga yadda abin yake tafiya, ko a Maigatari ranar Alhamis, ko wajen 'yan babura a Fagge, ko a nan cikin Damagaram. Mai saye ya zo da farashi ɗaya a kansa, wanda ya jiyo wurin abokai. Ya yi ta ciniki, albarka, ƙara kaza, rage kaza, har a sallama. A ransa ya ci nasara. To daga nan ne ainihin cinikin yake farawa. Babur a kwali yake zuwa, sai an haɗa, ga kuɗin haɗi. Wannan haƙƙin bakanike ne, ba ni da ja, illa dai me ya hana a faɗe shi tun farko? Sai kuma a shiga jero kaya: ƙarfen kariya mai ƙyalli, rigar kujera mai geza, fitilu masu canza launi, lasifika mai Bluetooth, ƙararrawar ɓarawo mai kuka kala-kala, sitika, da wata 'yar kwalba da ake tsiyayawa a tanki wai tana rage shan mai. Babu ko ɗaya da aka rubuta kuɗinsa. Jimla kawai ake faɗa maka.

Dabarun ba su da yawa, amma suna ci. Ta farko ita ce lokaci: sai ka gaji, rana ta yi, ka riga ka kira gida ka ce an saya, sannan a fito da lissafin. Ta biyu ita ce "ai an riga an ɗaura". Wato ba a tambaye ka ba, kuma in ka ce a cire, sai a ce cirewar ma da kuɗinta. Ta uku, wadda ta fi kowace kaifi, kunya ce. "Haba Alhaji, babba da kai za ka shiga gari da babur tsirara?" Yaron da bai taɓa zuwa ko Agadas ba an kira shi Alhaji a gaban mutane, ina zai iya cewa ba shi da kuɗin rigar kujera? Mu na bakin iyaka kuma akwai ta huɗu da aka tanadar mana: a yi cinikin babur da naira, a yi lissafin tarkace da sefa, ko a juya. Tun da Najeriya ta saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashi bai zauna wuri ɗaya ba, canji ma haka. Inda mai saye bai san farashin jiya ba, duk abin da aka ce masa yau shi ne gaskiya.

Wani zai ce ai rashin boko ne ya ja mana. Ƙarya ne. Bari in kai ku inda boko ya yi yawa ku gani.

A 2022 kamfanin BMW na Jamus ya fara karɓar kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe, kimanin dalar Amurka 18, kafin ya kunna wa mai mota abin ɗumama kujera. Ku fahimce ni da kyau: na'urar tana cikin motar tun daga masana'anta, mai motar ya saya ya kai gida, amma an kulle ta da manhaja sai ya biya. Dala 18 a lokacin ta kai wajen jika 11 na sefa, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu, wanda yake sefa 42,000 tun farkon 2024. A shekarar 2022 ɗin dai, Mercedes ta sa dala 1,200 a shekara ga mai son a saki cikakken ƙarfin injin wasu motocinta masu aiki da lantarki a Amurka. Ƙarfin yana nan cikin injin, an dai ɗaure shi kamar akuya a turke.

Dillalan motoci na Amurka kuwa sun daɗe suna sayar wa mutane iska. Ba habaici nake yi ba, iskar taya nake nufi. Su ce sun cika maka taya da naitirojin, su ɗora kuɗi a takarda. Alhali iskar da muke shaƙa kyauta, wadda mai faci ke bugawa a bakin tasha, kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ce. Abin ya yi ƙamari har hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta fitar da doka a watan Disamban 2023 da ta hana dillali karɓar kuɗi a kan ƙarin da ba ya amfanar mai saye da komai. Cikin misalan da ta bayar har da sayar wa mai motar lantarki yarjejeniyar juyen baƙin mai, motar da ba ta shan baƙin mai ko ɗigo. Ƙungiyoyin dillalai suka garzaya kotu, a watan Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar, bisa hujjar cewa ba a bi ƙa'idar kafa ta daidai ba. Ku tambayi kanku: in da ƙaramin kuɗi ne a cikin tarkacen nan, za su ɗauki lauyoyi su kare shi?

Darasin da na ɗauka a nan biyu ne. Na ɗaya, wannan tsarin kasuwanci ne da aka zauna aka tsara: a rage riba a kan abin da kowa ya san farashinsa, a mayar da ita kan abin da ba wanda ya san farashinsa. Na biyu, surutun masu saye yana aiki. Mutane sun yi ca a kan BMW, a watan Satumban 2023 kamfanin ya janye kuɗin ɗumama kujerar. Ba tausayi ya ji ba, kunya aka ba shi a bainar jama'a. Mu kuwa a nan, wanda aka yi wa aski da kwalba shi ne ke zagaya gari yana nuna ƙeyarsa.

Mu dawo gida mu yi lissafi. Mu ƙaddara an sallama maka babur a kan jika 500, aka ɗora maka tarkacen jika 60. A farashin da gwamnati ta tsayar a watan Yulin 2024, sefa 499 kowace lita, jika 60 man fetur ne lita 120. Ɗan kabu-kabu ya san kwana nawa lita 120 za ta yi masa yana aiki. Ya fi albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci. In kuma babur ɗin na bashi ne, irin wanda mai kuɗi ke saya ya ba yaro ya riƙa biya kullum ko duk mako, to tarkacen ma sun shiga cikin uwar kuɗin da aka ɗora wa riba. Mu ce an ƙara rabi a kai: jika 60 ta koma 90. Lasifikar za ta mutu kafin damina ta zagayo, yaron kuwa yana nan yana biyan kuɗinta.

Kuma da a ce asarar ta tsaya a aljihu, da sauƙi. Tambayi kowane bakanike mai gaskiya. Ƙaramin babur mai inji 100 ko 125 an yi masa batir da waya daidai fitilarsa da hon ɗinsa. In aka yanka waya aka jona lasifika, aka jona fitilu shida, aka jona ƙararrawar da ke shan wuta ko babur yana kashe, batir zai riƙa mutuwa, waya ta riƙa zafi, wata rana fitilar gaba ta ɗauke maka cikin dare a tsakiyar rairayi. In da garanti a kan babur ɗin, yanka wayar nan ita ce hujjar farko da za a kafa maka a ƙi gyarawa, ko da a shagon aka yanka ta. Ita kuwa kwalbar rage shan mai, hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori da magunguna fiye da 100 da aka ce suna wannan aiki, ba ta samu wanda ya yi wani tasirin a zo a gani ba. Abin da ke rage shan mai an san shi: iskar taya daidai, matatar iska mai tsabta, juye a kan lokaci, da hannu mai hankali a kan totur.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Cikin duk jerin kayan da ake tura wa mai saye, ka taɓa jin an matsa masa a kan hular kwano? Ka taɓa jin an ce "babba da kai za ka hau babur ba hula"? Ni dai abin da nake gani a hanyoyinmu shi ne babur mai fitila kala bakwai, an cire madubi don gayu, mutum uku a kai, ba mai komai a ka. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Binciken likitoci ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Wanda ya faɗi ya bugu a ka a Dogo-Dogo, tsakaninsa da babban asibitin ƙasa na Damagaram akwai fiye da kilomita 100, kuma ba duka ne kwalta ba. Wace lasifika ce za ta raka shi?

Haka zancen inshora, wadda muke kira asirans. Nijar na cikin yarjejeniyar CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma ƙa'idarta ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji inshorar da za ta biya wanda ya kaɗe. Da yawa cikin samarinmu kuɗin da ya kamata su tafi can, da na takardun duwan da lamba, su ne suka ƙare a kan geza da sitika. Sai a shekara ana wasan ɓuya da jandarma, ana bin hanyar daji, ana ba da na goro da in an tara shi ya fi kuɗin takardar. Ranar da aka kaɗe ɗan wani kuma, gonar gado ce za ta biya.

Na san abin da za a ce mini, kuma zan amsa.

Za a ce mutum da kuɗinsa, in yana son ado ina ruwanka? Gaskiya ne, kuma ni ba maƙiyin ado ba ne. Mu jikokin mahaya dawaki ne. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya san Bahaushe ba ya hawa abu tsirara. Amma mai doki na ƙwarai sai ya tanadi harawa da dawa, ya duba linzami da majanyi, sannan ya nemi jalala. Kuma shi ke zuwa wurin baduku da ƙafarsa, ya zaɓa, ya taya. Ba a ɗaura wa dokinsa kaya cikin dare a wayi gari a miƙo masa lissafi. Ka sayi adonka, amma ka san kuɗinsa, kuma ya zama kai ka nema.

Za a ce 'yan kasuwa ma suna shan wuya: rufe iyaka bayan 26 ga Yulin 2023 har zuwa watan Maris na 2024, faɗuwar naira, kuɗin hanya, ribar babur ɗin kanta ba ta da yawa. Ban musa ba. To a ɗora ribar a kan babur, a faɗe ta da baki, mai saye ya ji ya yanke shawara. Abin da malamanmu suka karantar da mu a babin ciniki a fili yake: sai da yardar ɓangare biyu, sai an san abin da ake saye an san kuɗinsa, kuma algus haramun ne. Yardar da aka samo ta hanyar gajiyar da mutum da kunyata shi a gaban jama'a, ni ban san sunanta yarda ba. Akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da ke faɗa maka komai dalla-dalla. Su ma tsarin nan yana cutar su, domin farashinsu na gaskiya sai ya yi kamar ya fi na maƙwabcinsu tsada.

Za a ce satar babur gaskiya ce, ƙararrawa da na'urar bin sawu suna da amfani. Sata gaskiya ce, wallahi. Amma kafin ka biya, yi tambaya uku. Na'urar tana buƙatar layin waya da kuɗin wata-wata, wa zai riƙa biya? A yankinmu da waya ke tsalle tsakanin layin Nijar da na Najeriya, wani wurin ma babu ko ɗaya, za ta yi aiki? In ta nuna maka babur ɗinka ya tsallaka iyaka, wa zai je ya karɓo? In akwai amsa mai gamsarwa, saya. In babu, sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau sun fi ta, kuma ba sa shan batir.

Ban manta da masu sabbin motoci ba, domin a can kuɗin ya fi yawa, kuma sau da yawa namu ne. Mota ɗaya takan zo hawa-hawa. Land Cruiser, misali, akwai GX, akwai GXR, akwai VX, akwai VXR, kowane hawa da abin da aka ƙara masa da kuɗin da aka ƙara. Ɗan kasuwa in ya sayi ta ƙoli da guminsa, Allah ya sanya alheri. Amma duk lokacin da za a sayi mota da kuɗin haraji ko da sunan taimakon talakawa, haƙƙinmu ne mu ga takardar, layi-layi. Kujerar fata ta mece ce? Talabijin a bayan kujera na wane ne? Abin ɗumama kujera a ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura 40, wa zai ɗumama? Motar aiki a yankin Dungas da Magarya abin da take buƙata taya ce mai jure rairayi, safaya biyu, da kuɗin gyara a cikin kasafi. Bambancin da ke tsakanin hawa na ƙasa da na ƙoli kuɗi ne da zai iya zuba wa motar ɗaukar marasa lafiya mai na tsawon lokaci, a daina cewa dangin mai naƙuda su kawo kuɗin mai kafin a tayar da ita.

To me muke nema? Abubuwa ne da ba su fi ƙarfin kowa ba.

Ga masu sayarwa: a rubuta farashin babur shi kaɗai, da kuɗin haɗi, a manna inda kowa zai gani, da kuɗin ƙasa ɗaya. Kowane ƙari a rubuta shi daban da kuɗinsa a rasit. Kada a ɗaura komai sai mai saye ya ce a ɗaura. Wanda aka ɗaura ba da izini ba, cire shi kyauta ne.

Ga hukuma: muna da dokar kare haƙƙin masu saye tun watan Mayun 2015. Doka ba ta aiki daga cikin durowa. Ma'aikatan kasuwanci na jiha da na gunduma su riƙa leƙa shagunan babura yadda ake leƙa masu sayar da shinkafa da sukari in azumi ya gabato. Shugabannin 'yan kabu-kabu kuma, ku da kuke da rajistar mambobi kuna karɓar kuɗin ƙungiya, ku haɗa kai ku sayo huluna masu inganci da yawa a farashin sari. Wannan shi ne ƙarin da ya cancanci a matsa wa mutum a kansa.

Ga mu masu saye, musamman ku da ke aiko da kuɗi daga birni: kada ka tura kuɗi ka ce "a sayo babur" ka kashe waya. Ka ce a turo maka hoton rasit. Kafin a fara ciniki a tambayi kuɗin fita da shi daga shago gaba ɗaya, da haɗi da komai, a ji daga shago biyu ko uku. A je da bakanike na gida wanda ba shi da kaso a wurin mai shago. A ware kuɗin hula, takardu, inshora da juyen farko tun kafin a bar gida, a ba wani amintacce ya riƙe. Abin da ya rage, in ya rage, a sayi geza har ta ja ƙasa.

Kuma ƙanena, in an kira ka Alhaji a shago, ka amsa da amin, Allah ya kai mu. Sannan ka ce a cire lasifikar.

Allah ya tsare mana samarinmu a kan hanya, ya sa albarka a guminsu. Ku tura wa duk wanda kuka san yana tara kuɗin babur bana.